Cup ko mug, jug ko jar, pot ko pan? Tambayoyi da amsoshi kan sunayen kwanuka da mazubai a Turanci

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta maimaituwa a wajen ɗalibai masu shirin jarabawa, da mata masu saida kayan kicin ta waya, da iyaye masu haɗa kayan jeren amarya, harda 'yan uwanmu da suka je ƙasar waje suka shiga shago suka rasa yadda za su ce a ba su robar wanke-wanke. Na jera su daga masu sauƙi zuwa waɗanda suka fi buƙatar bayani.

Wai me yasa sunayen nan suke da rikitarwa haka?

Saboda mu da su ba abu ɗaya muke kallo ba idan za mu kira mazubi da suna. Mu sau da yawa abin da aka yi shi da shi muke kallo, sai mu ce miƙo min roba, ɗauko silba, kawo tangaran, kuma kowa a gidan ya gane duk da cewa robar nan tana iya zama ta cin abinci ko ta wanka ko ta zuba manja. Shi Bature ba ruwan shi da roba ce ko ƙarfe, siffa da aiki yake kallo: bakin abin faɗi ne ko tsukakke, yana da hannu ko babu kuma guda nawa, zurfi gare shi ko shafal yake, yana da murfi, ana ɗora shi a wuta ko ba a ɗorawa. In kika riƙe waɗannan a kai to rabin aikin ya ƙare.

Sauran rabin kuma shi ne Turancin Ingila da na Amurka basa jituwa a kalmomi da yawa, ga kuma namu na Najeriya da ya ɗauki wasu kalmomin ya ba su sabuwar ma'ana. Duk inda aka samu wannan saɓanin zan faɗa a ƙasa.

Meye bambancin cup da mug?

Duk mu kofi muke ce musu. Cup shi ne ƙarami, bakinsa a buɗe gindinsa ya ɗan tsuke, irin na set ɗin shayin da ake jerawa a kabad, kuma yawanci yana zuwa da ɗan farantinsa da ake ɗora shi a kai, shi ne saucer. Mug kuwa babba ne mai kauri, jikinsa a miƙe yake daga sama har ƙasa, yana da hannu babba da yatsu uku ko huɗu za su shiga, kuma ba shi da ɗan faranti. Irin wanda ake buga hoton ango da amarya a jiki a raba wajen biki, wannan mug ne sak.

Amma cup ya fi mug faɗin ma'ana. Kana iya kiran mug da cup ba wanda zai ce kayi kuskure, sai dai ba za ka kira ɗan ƙaramin kofin set da mug ba. Kofin roba na yara da na takarda da ake yarwa bayan an sha, duk cup ne ko da basu da hannu.

To glass da tumbler fa? Naga ana cewa glass cup

A Turancinmu na gida ne ake cewa glass cup. Can a Ingila da Amurka glass kawai ake cewa, a glass of water, shikenan, abin sha na gilashi marar hannu. Tumbler shi ne wanda muka ara muka maida tambulan, wato glass mai shimfiɗaɗɗen gindi, babu hannu babu dogon ƙafa irin na kofin shan lemo na gayu. Sai dai yanzu in kika rubuta tumbler a shagon intanet abin da zai fi fito miki shi ne dogon kofin ƙarfen nan mai murfi da bututun zuƙa mai riƙe sanyi, irin na kamfanin Stanley. In na gilashi kike so sai ki rubuta glass tumbler ko drinking glass.

A kula da glasses, yana iya zama jam'in glass yana kuma iya zama tabarau, jimlar ce take nunawa.

In naga 1 cup a bayanin girki, wane kofin zan ɗauka?

Ba kowane kofi ba 'yar uwa. A nan cup ma'auni ne tsayayye, na Amurka kusan mililita 240 ne, na Ostireliya da wasu ƙasashen kuma 250. In kika ɗauki mug ɗin gidanki kika auna fulawa za ki iya zuba abin da ya wuce ƙima sosai tunda mug da yawa suna cin 300 zuwa 350, sai kek ya fito da tauri kiyi ta zargin obin. Abin da ake nema sunansa measuring cup, ana saida su a jere manya da ƙanana. Kuma a kasuwanninmu in mai awo ya ce miki cup ko kofi, gwangwanin madara yake nufi, shi kuma bai kai cup ɗin littafin girki ba.

Jug, pitcher da jar, wanne ne wanne?

Nan ne aka fi samun ruɗani, har masu Turancin ma suna musu a tsakaninsu. A Ingila jug shi ne irin jog ɗin da muka sani, mai hannu ɗaya da buɗaɗɗen baki da ɗan lanƙwasa a gaba na tsiyaya, wanda ake zuba zoɓo ko kunun aya a kawo wa baƙi. Ba'amurke in ya ga wannan abin pitcher zai ce. Shi a wajensa jug babban mazubi ne mai tsukakken wuya da murfi da mariƙi a gefe, kamar robar galan da suke saida madara a ciki. Kenan abin da mu muke kira jog, ɗan Landan ya ce jug ɗan New York ya ce pitcher, kuma dukkansu daidai ne. Mu a makarantunmu na Najeriya da Gana Turancin Ingila aka fi bi, dan haka a jarabawa jug ya wadatar.

Jar kuma daban yake gaba ɗaya duk da sunan yana kama. Ba shi da bakin tsiyaya, yawanci ba hannu, bakinsa faɗi ne yadda cokali zai shiga, yana da murfi, kuma na ajiya ne. Kwalbar Bama da ake wankewa a zuba yaji ko man shanu, kwalbar zuma, kwalbar jam, duk jar ne. A taƙaice jug ana tsiyayawa daga cikinsa, jar ana ɗiba da cokali. Asalin kalmar ma daga Larabci take, jarra, wato tulun ƙasa, shi ya sa har yanzu ake kiran manyan tulunan ƙasa da jar kamar yadda za a gani a tambayar kayan gargajiya.

Kwalba duk bottle ce? Jarka da galan fa?

In wuyanta tsukakke ne cokali ba zai shiga ba to bottle ce, ko ta gilashi ko ta roba, dan haka gorar ruwa da gorar lemo duk bottle ne. In bakin faɗi ne ta koma jar.

Jarka jerrycan ce. Jamusawa ne suka ƙera ta a shekarun 1930 dan zuba man motocin soja, ta ƙarfe mai cin lita 20, a yaƙin duniya na biyu sojojin Ingila suka ga ta fi tasu ƙarko suka riƙa kwashewa suna amfani da ita, kuma da yake Jerry suke kiran Bajamushe sai sunan ya bi ta. Yau jarkar roba mai launin ruwan-ƙwai ɗin nan da 'yan garuwa suke jerawa a kura ita ma jerrycan ce. Galan kuma a asalin Turanci ma'auni ne, gallon ɗin Amurka kusan lita 3.8 ne, na Ingila kusan lita 4.5. Mu ne muka maida shi sunan ƙaramar jarka, in ka ce wa Bature ya ba ka empty gallon zai yi ta kallonka ne.

Bowl da basin fa, tunda duk roba ce ko kwano?

Bowl shi ne mazubi mai zurfi zagayayye ba hannu, na ci ko na kwaɓi: kwanon miya, kwanon fura, robar da ake kwaɓa fanke. Basin ya fi girma da faɗi kuma na ruwa ne, wanki, wanka, jiƙa kaya, wato su daro da baho da fanteka. In ana wa jariri wanka a ciki sai a ce baby bath ko tub. Robar da mutanen Ingila suke sakawa cikin sink suna wanke-wanke kuma washing-up bowl suke ce mata duk da girmanta, to ka ga iyakar ba a yanke take ƙwal ba.

Wani abin kuma, a Ingila abin wanke hannun banɗaki da ke manne a bango shi ma basin ne ko washbasin, na kicin ne sink, a Amurka duk biyun sink ne. Ɗalibai kuma za su haɗu da basin a darasin labarin ƙasa, yankin da ruwansa ke gangarawa wuri ɗaya, kamar a sunan hukumar tafkin Chadi, Lake Chad Basin Commission, da aka kafa a 1964 mai hedikwata a N'Djamena.

Plate, dish, platter, tray?

Plate faranti ne na mutum ɗaya. Platter babban farantin da ake jera nama ko shinkafa a ajiye a tsakiya kowa ya ɗiba. Tray tire ne, na ɗaukar wasu kwanukan ko na talla, sai dai mu muna zuba shinkafa a tire mu zagaye shi mu ci, a lokacin nan aikin platter yake yi ko da sunansa tray.

Dish ita ce mai fuska da yawa. Tana nufin kwanon da ake kawo abinci a ciki mai ɗan zurfi, wani lokacin da murfi. Tana nufin shi kansa abincin, kamar a ce tuwon shinkafa is a Hausa dish. In aka ce do the dishes ko wash the dishes kuma wanke-wanke ake nufi gaba ɗaya, harda cokula da tukwane.

Yaushe ake cewa pot, yaushe ake cewa pan?

Pot tukunya ce mai zurfi, kunnuwa biyu ƙanana a gefe, da murfi. Pan mai dogon hannu ɗaya ne. Frying pan shi ne kaskon suya marar zurfi, Amurkawa suna kuma ce masa skillet musamman in na baƙin ƙarfe ne mai nauyi. Saucepan kuma ita ce ke tsakiya, tana da zurfi kamar tukunya amma da dogon hannu ɗaya, irin wadda ake dafa indomi ko ɗumama miya. Kar a haɗa ta da saucer, wannan ɗan farantin kofi ne da aka yi bayani a sama. Mutanen Ingila sukan kira kusan duk abin da ake ɗorawa a wuta da pan, dan haka in aka ce pots and pans tukwane ne baki ɗaya.

Tukunyar biki ta dalma da ake ɗorawa a murhun duwatsu, a littafi za ka ga cauldron, amma kalmar tana da ƙamshin tatsuniya, a magana ta yau da kullum large cooking pot ya fi. Kaskon suyar ƙosai mai zurfi ya fi kama da wok ko deep frying pan. Tandar masa kuma ba ta da suna a Turancin Ingila, sai dai in kina nema a intanet ki gwada appam pan ko paniyaram pan, na Indiyawa ne mai gurabe kamar namu sai dai guraben ƙanana ne. Pot ɗin shuka flowerpot ne mai ƙasa a ciki, vase kuma na furen da aka yanko ne a saka a ruwa dan ado. Fo ɗin yara potty.

Buta kettle ce?

A Najeriya e, kowa ya san kettle ɗin alwala, kuma ba laifi ba ne a faɗi haka a gida. Amma a wajen mai Turancin asali kettle abin tafasa ruwa ne kawai, na wuta ko na lantarki, in ka ce masa zaka shiga banɗaki da kettle zai ɗauka ruwan zafi zaka ɗauka. A shagunan Musulmi na Ingila an fi sanin buta da sunan lota, kalmar mutanen Indiya da Pakistan, ko a ce wudu jug.

Teapot kuma ba a tafasa ruwa a cikinta, ana tafasawa a kettle ne a juyo cikin teapot kan ganyen shayi a kai tebur. Ƴar butar ƙarfen da ake dafa shayin Buzaye a Agadez ko Zinder ko a majalisun samarin Kano, siffarta ta teapot ce amma kan gawayi ake ɗora ta kai tsaye, kuma teapot ɗin dai ake ce mata. Ƙananan kofunan da ake zuba shi ana ɗaga hannu har yayi kumfa su ne tea glasses.

Fulas da kula, ya ake kiransu? Naga cooler amma abinci mai zafi muke zubawa

Wannan tambayar ita ce ta fi jawo wa masu odar kaya asara, dan haka a karanta da kyau. Fulas ɗin ruwan zafi cikakken sunansa vacuum flask, wani masanin kimiyya ɗan Sikotland James Dewar ne ya ƙirƙiro shi a 1892, bango biyu ne aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu yadda zafi ba zai samu hanyar fita ba. Thermos sunan kamfani ne da ya fara saida shi a Jamus a 1904 har sunan ya zama na abin, Amurkawa thermos suke cewa, Ingila flask. In ka rubuta flask zalla a intanet zai iya kawo maka 'yar ƙaramar gwangwanin aljihu da masu shan giya suke ɗurawa, ko kwalbar ɗakin gwajin kimiyya, dan haka a riƙa haɗawa da vacuum.

Kula kuma daga cooler muka aro, amma cooler a Amurka akwatin sanyi ne da ake zuba ƙanƙara da lemo, a Ingila cool box. Kular da muke zuba tuwo ko shinkafa ta kai dare da zafinta, in kina nemanta ki rubuta insulated food warmer ko insulated casserole ko hot pot, kamfanonin Indiya irin su Milton da Cello casserole suke rubutawa a kwalinta. Amma a kula, casserole a Ingila kwanon gashi ne da ake sakawa a obin, kar a ɗauki kular roba a saka a wuta dan an ga sunan. Ƙaramar ta yara ta makaranta food flask ce.

Bucket da pail akwai bambanci?

Kusan babu. Bokiti ne duka, bucket ne aka fi amfani da shi ko'ina, pail ya fi fitowa a tsofaffin littattafai da bakin wasu Amurkawa. Guga ma bucket ce, sai a ce well bucket in ana son bambancewa. 'Yan uwanmu na Nijar da Faransanci ya shiga bakinsu su kuma so suke cewa bokiti, jarka kuma bido.

Tin ko can?

Gwangwani ne duka. Ingila tin, Amurka can, shi ya sa mu muke cewa tin tomato da tin milk. Sai dai na lemo ko maltina kowa can yake cewa har a Ingila. Gwangwanin biskit ko na madarar gari mai murfin da ake buɗewa a mayar, shi kuma tin ne.

Duro, ganga da tanki fa?

Duro drum ne, dogon nan na ƙarfe ko shuɗin roba da ake tara ruwa, babban yana cin wajen lita 200 zuwa 208. Barrel asalinsa na katako ne mai ƙaton ciki da ɗaurin ƙarfe, amma inda za ka fi jin sa yau a labaran man fetur ne, in aka ce gangar ɗanyen mai ta kai dala kaza barrel ake nufi, kuma ma'auni ne na galan 42 na Amurka wato kusan lita 159, bai kai duro ba. Tank shi ne tankin da ake girkewa wuri ɗaya a sama ko a ƙasa.

Kayanmu na gargajiya, ƙwarya, tulu, randa, akushi, suna da suna a Turanci?

Wasu suna da shi wasu sai an yi bayani. Ƙwarya calabash ce, shi duman da ake fafewa gourd, gorar duma kuma gourd bottle, ludayi calabash ladle. Akushi wooden bowl, tunda na itace ne mai zurfi ba hannu. Tulu da randa duka ana ce musu clay pot ko water pot ko water jar, Turanci bai raba su ba kamar yadda muka raba, wanda ake ɗauka a ka a je rafi da wadda ake girkewa a gindin bishiya ko lungun ɗaki ruwa yayi sanyi. In kana rubutu kana son bambancin sai ka ƙara bayani, narrow-necked ga tulu, large storage ga randa. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20, manyan ayyukanta da ke gidajen tarihi na waje water pot ko water jar ake rubutawa a ƙarƙashinsu.

Ni a ganina in kana rubuta wa baƙo labarin gida, gara ka bar akushi a matsayin akushi ka bi shi da gajeren bayani, dan wooden bowl bai nuna baƙin akushin da ake zuba wa maigida tuwo a rufe da faifai ba.

Akwai kalma ɗaya da ta tattaro su duka?

Container ita ce mazubi, tana shiga ko'ina in kalma ta ɓace maka, robar ajiyar abinci a firij ma food container ce. Vessel ma haka take nufi amma ta littafi ce, kuma tana nufin jirgin ruwa da jijiyar jini, dan haka ba a cewa a miƙo vessel a kicin. Cookware tukwane da kasake ne, crockery su faranti da kofuna masu fashewa, cutlery cokula da wuƙaƙen tebur wanda Amurkawa ke kira silverware. Utensils kuma ya fi tafiya ga kayan hannu irin su ludayi da muciya da matankaɗi, duk da a makaranta an koya mana shi a matsayin kayan kicin gaba ɗaya.

In zan yi odar kaya daga waje, ya zan rubuta dan kar a kawo min wani abu daban?

Kar ki tsaya a suna kaɗai Hajiya. Ki haɗa abu huɗu: sunan, abin da aka yi shi da shi, yawan abin da yake ci, da murfi ko hannu. Misali stainless steel jug with lid 2 litres, ko ceramic mug 350ml. Silba stainless steel ce, tangaran ceramic ko porcelain, samira da langa enamel, dalma aluminium, roba plastic, farantan nan masu kama da tangaran amma basa fashewa melamine ne kuma ba a saka su a wuta ko microwave. Kar ki rubuta rubber dan kina nufin roba, za a kawo miki abin danƙo, haka silver zai kai ki ga azurfa ko launi kawai.

Masu saidawa na Sin da yawa suna cusa kalmomi biyar a suna ɗaya, jug pitcher kettle pot jar, dan duk wanda ya nema ya gani, to a nan sunan ba ya gaya miki komai. Ki duba inda aka rubuta girman a santimita da lita, ki ɗauko tef ki gwada da wata tukunyar gidanki, kuma in set ne ki tambaya ko murfi yana cikin lissafin, dan sau da yawa 10 pieces tukunya biyar ce da murfi biyar.